Haɗa intakom da wutar babur: nazarin aikin da sai a karo na uku ya zauna

A ƙarshen hunturun bara wani mai sayar da magungunan dabbobi ya kawo babur ɗinsa rumfata ta gyaran wayarin a Gumel, yana tafe da koke biyu waɗanda a ganinsa babu abin da ya haɗa su. Na farko, batirin babur ɗin ya daina riƙe wuta. Na biyu, na'urar magana da aka ɗaura masa, wadda ake kira intakom, ta koma cika masa kunne da ƙara maimakon muryar ƙaninsa. Mutumin yana cin kasuwannin mako ne, Maigatari ranar Alhamis da Gujungu ranar Lahadi, kuma kullum yana goye da ƙanin nasa, wanda shi ke riƙe da wayar salula, yana amsa kiran makiyaya, yana gaya masa rugar da za su ratse. Kafin su samu na'urar, duk maganar da za a yi sai ya karkato da wuyansa baya alhali babur na gudu, har wata rana ya kusa afka wa amalanken shanu a kan kwana. Tun da ya ba ni wannan labari na san cewa aikin ya wuce na jin daɗin hira.

Na'urar irin ta da ce mai waya, wani ɗan'uwansu ya samo musu ita cikin kayan gwanjo. Akwati ne ƙarami da bai kai tafin hannu ba, wanda ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera, wayoyi biyu suna fita daga cikinsa zuwa hulunan kwano, kowace hula da siraran lasifiku biyu da makirfo ɗaya. Akwai kafar da ake jona wayar salula, sai kuma jar waya da baƙa na wuta. Ba ta da batiri a cikinta, ba ta kuma da makunni, domin waɗanda suka ƙera ta sun ɗauka cewa makullin babur ne zai riƙa kunna ta yana kashe ta. Wasu za su ce ai sababbin na'urori masu Bluetooth sun raba mutum da wannan wahala, kuma gaskiya ne, sai dai su caji suke bukata kowane dare, wanda kuwa wutar gidansa ba ta da tabbas, na'urar da ke shan wuta daga babur ta fi yi masa amfani. Ban ba shi shawarar ya sauya ta ba.

Ba za a gane abin da ya faru ba sai an san yadda wutar wannan babur take. Ƙaramin babur ne ƙirar ƙasar Sin mai silinda ɗaya, daga cikin waɗanda aka kwaikwayi tsarinsu daga Honda CG125, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970. A irin wannan babur wutar da ke yawo kashi biyu ce. Maganeto da ke gefen inji yana samar da wuta mai kai-komo, wadda ake kira AC, kuma wani ɓangare nata yana tafiya kai tsaye ta rawayar waya zuwa fitilar gaba da ta baya, abin da ya sa hasken ke dusashewa a silo ya kuma ƙaru idan an ja totur. Ɗaya ɓangaren yana bi ta rektifaya, ta mayar da shi wuta mai tafiya gefe ɗaya, wato DC, ta zuba a batiri mai bolt 12 ta jar waya. Daga batiri wutar ke zuwa makulli, idan an murɗa shi ta fito ta baƙar waya zuwa hon da sigina da fitilar birki. Koriyar waya ita ce negatif, wadda ke haɗe da ƙarfen jikin babur. Wannan tsarin launi na Honda ne da masu bin sawunsa, kuma yana da kyau a riƙe cewa ba na kowa ba ne: a babur ɗin Yamaha baƙar waya ita ce negatif, ruwan ƙasa kuma ita ke ɗauko wutar makulli, a Suzuki kuwa ruwan lemo ce ke wannan aiki. Wanda ya haddace launukan kamfani ɗaya ya ɗora su a kan wani zai iya haɗa fozitif da negatif da hannunsa.

Wanda ya fara ɗaura na'urar ya bi takardar da ta zo da ita, wadda ta ce a ɗauki wuta daga wayar fitilar baya. Shawarar daidai take ga manyan baburan Turai da aka rubuta ta dominsu, inda duk wutar babur DC ce, fitilar baya kuma takan kama da zarar an murɗa makulli. Ya nemo waya ruwan ƙasa da ke zuwa fitilar baya, ya tayar da inji, ya ɗora testa, ƙwan ya kama, ya fere ya jona. A nan kuskuren farko ya shiga, kuma kuskure ne da nake ganin ya kamata duk mai koyon wannan sana'a ya tsaya a kansa. Ƙwan testa zare ne kawai da ke yin zafi ya yi haske. Ko AC aka ba shi ko DC zai kama, ko wutar mai ɗorewa ce ko mai yankewa zai kama, saboda haka amsarsa ɗaya ce tak, cewa akwai wuta, ba ya faɗin irinta. A wannan babur wayar fitilar baya AC take ɗauke da ita. Sakamakon haka na'urar ba ta aiki sai inji na tafiya kuma an kunna fitila, a silo takan ɗauke ta dawo, idan an ja totur kuma wani gurnani ya taso ya danne murya. Abin da ya hana ta ƙonewa shi ne wani ɗan dayod da ke bakin shigar wutarta, wanda aka saka domin kare ta idan an juya wayoyi, shi ya riƙa tare rabin wutar da ke zuwa a juye.

Da mai babur ya koma da koke, sai aka cire jar wayar daga can aka ɗaure ta kai tsaye a kan batiri. Gurnanin ya ragu sosai, na'urar tana aiki ko inji a kashe yake, kowa ya ɗauka an gama. Amma na'urar da ba ta da makunni, in an jona ta a kan batiri, ba ta barci. Da na cire wayar na saka mita a tsakaninta da kan batirin, makulli yana aljihun mai shi, sai na ga tana jan miliamfiya 90, wato amfiya 0.09. Adadin ƙarami ne a ido, amma lissafinsa ba shi da wuya. Daga magaribar Alhamis da suke dawowa daga Maigatari zuwa asubar Lahadi kusan awa 60 ne, kuma amfiya 0.09 sau 60 ya ba da amfiya-awa 5.4, alhali yawan wutar da aka rubuta a jikin batirin cewa yana riƙewa gaba ɗaya amfiya-awa 7 ne, shi ma lokacin da yake sabo. Ke nan duk makon da babur ya kwana uku a zaure, batirin yakan wayi gari kusan fanko.

Abin da ya ɓoye matsalar tsawon lokaci shi ne cewa tartsatsin fulogi a wannan babur daga maganeto yake samun wuta, ba daga batiri ba, don haka da an taka kik sai ya tashi. Mai shi ya ga dai sitata ta koma ƙyas-ƙyas, hon ya dishe, sigina ta daina ƙiftawa a silo, sai ya ɗora laifin a kan batiri. Batiri mai ruwan asid kuwa ba ya jure a riƙa zuƙe shi har ƙasa ana barinsa a haka. Wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan dalmar da ke ciki, ƙarfinsa ya riƙa raguwa ba ya dawowa. A nan ne koke-koken nan biyu suka haɗu. Wutar da rektifaya ke turowa ba a miƙe take ba, tudu da kwari take zuwa, kuma lafiyayyen batiri ne ke shanye wannan hawa da sauka kamar yadda randa ke karɓar ruwan guga ta ba da shi a natse. Da batirin ya mutu, sai gurnanin da aka yi zaton an rabu da shi ya dawo a hankali. Na'urar ce ta kashe batirin, mataccen batirin kuma ya lalata sautin na'urar.

Da na ɗaga kujera na ga abin da ya fi duk wannan tayar mini da hankali. An murɗa zaren jar wayar ne kawai a wuyan notin batiri, ya yi kore saboda tururin asid, kuma babu fis ko ɗaya a kanta. Wayar ta bi ta kan gefen wani ƙarfe mai kaifi inda kujera ke danne ta, robar ta goge har jan ƙarfen ciki ya fara leƙowa, tazarar da ke tsakaninsa da jikin babur ba ta kai kaurin farce ba. Batirin babur ƙarami ne, amma idan aka haɗa kawunansa ba tare da fis ba yana iya mayar da siririyar waya ja-wur cikin daƙiƙu, wurin kuma bai fi taƙi ɗaya daga tiyon mai ba. Na kira mai babur na nuna masa da yatsa, na ce, "Malam, ƙarar da ke damunka mai sauƙi ce, wannan shi ne abin da ya kamata a fara gyarawa." Ya daɗe yana kallon wurin bai ce komai ba.

Na fara da cire negatif na batiri, kamar yadda ya kamata a yi kafin a taɓa kowace waya, domin idan sifana ta goga jikin babur yayin kwance fozitif kada ta yi tartsatsi. Tsohon batirin na yi masa caji na dare guda, amma da aka danna sitata sai ya faɗo ƙasa da bolt 8, don haka aka sayo sabo. Sabon ya nuna 12.6 a zaune, da aka tayar da inji aka ɗan ja totur ya hau 14.1, wanda ya tabbatar mini cewa maganeto da rektifaya lafiyarsu ƙalau. Daga nan na koma neman wutar da ta cika sharuɗɗa biyu, ta zama DC, ta kuma ɗauke idan an kashe makulli. Baƙar wayar makulli ce ta cika su, kuma da a ce na jona na'urar a kanta kai tsaye da ta yi aiki. Na gwada hakan na ɗan lokaci don in ji da kunnena. Mita ta nuna 11.9 a kan baƙar wayar yayin da batiri ke 12.6, alamar cewa wuta na ɓacewa a cikin makulli da soket-soket da ƙurar hunturu ta cika. Idan an danna hon sai ta faɗo wajen 10.5, na'urar ta yi ƙwas a kunne, idan an kunna sigina kuma kowace ƙiftawa sai an ji ta a lasifika. Layi ɗaya ne kowa ke sha daga gare shi, duk wanda ya ja da ƙarfi sai saura su ji a jikinsu.

Wannan ne ya sa na zaɓi rile, wato makunnin da wuta ce ke kunna shi ba hannu ba. Mutane da yawa sun san rile a matsayin abin da ake sakawa don kaya masu cin wuta da yawa, kamar babban hon ko ƙarin fitila, kuma intakom ba ya cikinsu. Amfaninsa a nan daban ne: yana ba na'urar damar shan wuta mai tsabta daga kan batiri, amma makulli ne ke ba da izini. Ƙafafunsa huɗu suna da lambobin da aka saba da su a wayarin motoci, bisa ƙa'idar Jamus ta DIN 72552. Ƙafa ta 30 na kai ta fozitif na batiri ta cikin fis, ta 87 ta tafi jar wayar intakom, ta 86 na jona ta da baƙar wayar makulli, ta 85 kuma ta koma negatif. Idan an murɗa makulli, ɗan kwayil da ke tsakanin 85 da 86 ya zama maganaɗisu ya haɗa 30 da 87, idan an kashe ya saki. Rilen mota na yau da kullum kwayil ɗinsa kan ci wajen miliamfiya 150, fiye da abin da na'urar kanta ke ci a zaune, kuma cajin irin wannan babur ba shi da yalwa, don haka na nemo ƙarami wanda ke cin kusan rabin haka. Na gicciya dayod 1N4007 a kan kwayil ɗin, ɓangaren mai zobe yana kallon 86, domin ya shanye wutar da kwayil ke tofowa baya a lokacin da aka yanke masa.

Fis ɗin mai amfiya 2 ne, mai launin toka a jerin fis masu ƙafa biyu, kuma na ɗora shi bai fi tsawon yatsa daga kan batiri ba. Dalili shi ne fis waya yake karewa, duk tsawon da ke tsakaninsa da batiri kuwa a buɗe yake ba kariya. Baƙar wayar intakom ban ɗaure ta a jikin babur ba, na kai ta har kan negatif na batiri. Kowane haɗi na yi masa dalma ko na matse shi da kan waya mai zobe, na rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, domin salatif ba ya daɗewa a zafin Gumel kafin gam ɗinsa ya narke ya warware.

Bayan wannan, gurnanin ya tafi, ba tare da na saka matatar ƙara da na tanada a aljihun tebur ba. Na ambaci wannan ne saboda ita mutane suka fi saurin saye, alhali sau da yawa rufe alamar ciwo kawai take yi. Sauran ƙara iri biyu suka rage, kuma kowace da muryarta. Ta farko tas-tas-tas ce mai bin bugun inji, ana iya ƙirga ta a silo, tana haɗewa ta zama zuuu idan an ja totur. Wannan ta fulogi ce. Kwayil ɗin inji na tura dubban bolt don tartsatsi ya tsallaka bakin fulogi, kuma kowane tartsatsi yana watsa ɗan igiyar rediyo da wayar makirfo ke kamawa kamar eriya. A wannan inji fulogi na yin tartsatsi sau ɗaya a kowane juyi, wato sau 25 a daƙiƙa idan inji na juyi 1,500 a minti, sau 100 idan ya kai 6,000. Maganinta shi ne a samu abin da ke rage kaifin tartsatsin, ko dai a cikin fulogin ko a cikin hularsa. A fulogin NGK harafin R ne ke nuna haka, shi ne bambancin D8EA da DR8EA. Na auna hular da ke kan babur ɗin na ga mita ta nuna kusan sifiri, ashe an taɓa sauya ta da marar komai a ciki. Na saka mai wannan abin rage kaifi a ciki, na om 5,000, na bar fulogin yadda yake, domin a ra'ayina haɗa biyun a ƙaramin inji mai wutar maganeto yana iya raunana tartsatsi da sanyin safiya. Sannan na kwance wayar hular matuƙi, wadda aka ɗaure tare da wayar kwayil a ƙarƙashin tanki, na bi da ita ta ɗaya gefen.

Ta biyun ta fi ba ni wahala, domin takan zo ta tafi. Wani siririn fito ne mai tashi da sauka, kuma a rumfa ban ji shi ba sai da ƙanin ya zo ya zauna a baya ya yi abin da ya saba, ya jona wayar salula da intakom, ya kuma soka ta a cajar USB da aka ɗaura a kan babur. Ya ce, "Yaya, ka ji shi nan ya dawo." Na sa ya zare wayar caji, fiton ya ɗauke, ya mayar ya zare ta sauti, ya sake ɗaukewa. Sai an haɗa biyun yake zuwa. Abin da ke faruwa shi ne wayar salula ta zama gada tsakanin negatif biyu, na caja da na intakom, kuma ba daidai suke ba. Wanda ya ɗaura cajar ya ɗaure negatif ɗinta a notin kan babur, inda wuta ba ta da hanyar komawa sai ta cikin boris na wuya mai cike da giris da tsatsa. Da ta ga hanyar ta yi mata tsauri, sai wani ɓangare nata ya bi ta wayar sauti ya koma batiri ta cikin intakom, na'urar kuwa ba ta bambance wannan da murya, ƙara masa ƙarfi take yi ta tura kunne. Na ja wa cajar sabuwar wayar negatif har kan batiri, na mayar da fozitif ɗinta bayan makulli da nata fis, fiton ya ragu ƙwarai amma bai mutu ba, saboda ita kanta caja tana yanka wuta dubban sau a daƙiƙa kafin ta sauko da bolt 12 zuwa 5. Abin da ya ƙarasa shi wani ɗan kwali ne da ake sakawa a kan wayar sauti, mai ƙananan taransifoma a ciki, wanda ke barin sauti ya tsallaka ta maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba.

Gwajin hanya mun yi shi a kan titin Maigatari, ni a gaba ƙanin a baya. Na'urar tana da maɓallin da ke sa makirfo ya buɗe da kansa idan ya ji murya, kuma an bar shi a inda iska kaɗai ke buɗe shi, don haka na rage masa ji har sai da ya zama magana ce kawai ke tayar da shi, na kuma sa wa kowane makirfo sabon soso. Hulunansu masu buɗaɗɗiyar fuska ne, saboda haka idan gudu ya wuce kilomita 70 a awa iska tana shiga duk da haka, wannan kuwa ba aikin wayarin ba ne, na gaya musu gaskiya. Ƙarfin lasifika na tsayar da shi a inda matuƙi zai ji hon ɗin motar da ke bayansa, na roƙe shi kada ya ƙara. Na kuma tabbatar cewa soket ɗin da ke tsakanin kowace hula da babur yana zarewa da ɗan ja kaɗan, na hana a naɗe shi da salatif kamar yadda suka saba yi don kada ya fita, domin in tsautsayi ya sa an faɗi, wayar ce ya kamata ta saki wuyan mutum.

Bayan mako uku suka biyo da asubar wata Lahadi a kan hanyarsu ta Gujungu, kamar yadda na nema, kuma na sa sun tayar da babur da sitata a gabana bayan ya huce. Ya tashi a dannawa ɗaya. Da makulli a kashe mita ba ta nuna ana jan komai daga batiri ba. Koke ɗaya da suka zo da shi shi ne lasifikar hagu ta ƙanin tana yankewa, na duba na ga ƙura ce ta cika soket ɗin da ke lilo a gefen kujera idan ba a jona shi ba. Na wanke shi da ɗan burushi, na yanko guntun tsohon tiyo na yi masa murfi, na ɗaure murfin da zare a jikin wayar don kada ya ɓata a kasuwa.